Ga 'yar uwar da ke tambayar makarantun Houston kafin su taso daga Bronx

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki cewa an ba maigida aiki a Houston, za ku taso daga Bronx da yara uku, kina son sanin tsakanin kawuntin Harris da Fort Bend wanne ya fi makarantun gwamnati masu kyau. Na kuma ga masu ce miki Fort Bend kawai, ki rufe ido ki tafi. Allah ya saka musu da alheri, da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma wallahi sai da gabana ya faɗi, don irin amsar da aka ba mu ke nan lokacin da za mu zo, kuma mun sha wuya a kanta.

A Texas kawunti ba shi ke raba yara makaranta ba. Ke kin saba da New York inda hukumar ilimi ɗaya ce ke riƙe da birnin gaba ɗaya, 'yan uwanmu na Maryland kuma su a wurinsu kawunti shi ne distirik, wato yankin da hukumar makarantu ɗaya ke riƙe da shi, shi ya sa suke tambaya da sunan kawunti. Nan ba haka ba ne. Harris kaɗai distirik ɗin da ke cikinsa sun haura 20: akwai Houston ISD (ISD na nufin distirik mai zaman kansa), Alief, Cy-Fair, Spring Branch, Klein, Aldine da sauransu, kowanne da shugabanninsa da kuɗinsa da kalandarsa. Fort Bend ma ba guda ɗaya ba ne, akwai Fort Bend ISD, akwai Lamar, akwai Needville, akwai Stafford, ga Katy ISD da ya shiga kawunti uku, Harris da Fort Bend da Waller. Har sunan garin da ke kan adireshi ba abin dogaro ba ne. Gida zai iya zama an rubuta Katy a adireshinsa amma yaransa Cy-Fair ko Lamar za su. Adireshin Richmond zai iya faɗawa Lamar, zai iya faɗawa Fort Bend ISD. Lambar gida da sunan layi su ke yanke hukunci, ba komai ba.

Mu wani dillalin gidaje ne ya yi mana aika-aika, kuma abin takaici ɗan ƙasarmu ne, a masallaci aka haɗa shi da Baban yara. Muna nesa, ta bidiyo ya zagaya da mu gidan, har ya leƙa da wayar ta tagar sama ya nuna mana rufin makarantar firamare, ya ce Hajiya kin ga makarantar nan, duk yankin nan babu kamarta, da ƙafa yara za su riƙa zuwa. Na tambaye shi ba sau ɗaya ba, ka tabbata gidan nan na makarantar nan ne? Ya ce haba Hajiya, shekara nawa ina wannan sana'a, ni zan cuce ki? Har da rantsuwa. Muka sa hannu a takardar haya ta shekara guda, muka biya kuɗin ajiya, cinikin biri a sama dai sosai.

Ranar da na je rajista ba zan manta da ita ba. Na shirya yara tsaf, babban har ya ɗauki sabuwar jakarsa duk da ba a fara karatu ba, takardun rigakafi da na haihuwa da takardar haya da bil ɗin wuta duk na jera su a fayil. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta buga adireshinmu a kwamfuta, ta sake bugawa, sannan ta ɗago ta ce ku ba namu ba ne. Na ce ga gidanmu can, ana hango shi daga ƙofarku. Ta juyo min da allon kwamfutar ta nuna min taswira: ashe babban titin da ke tsakaninmu da makarantar shi ne iyaka, kuma ba iyakar makaranta kaɗai ba, iyakar distirik ce gaba ɗaya. Tsallaken titi wata hukuma, mu wata hukuma. Na tsaya kamar an dasa ni, mutane na layi a bayana, ƙaramar tana jan mayafina, babban yana tambayata Mama me ta ce. A mota na yi kukan da ban taɓa yi ba tun zuwana ƙasar nan. Na kira dillalin nan, ya ƙi ɗauka. Baban yara ya kira, ya ƙi ɗauka. Da ya ga dama ya kira bayan kwanaki, abin da ya ce shi ne a yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara, ai duk makaranta makaranta ce. Ya riga ya karɓi la'adarsa. Har yau idan muka haɗu a filin Idi sai ya zo da fara'arsa yana tambayar ya karatun yara, ni kuwa sai dai in amsa sallama in wuce. Na yafe kuɗi, amma rantsuwar nan da ya yi ita ke tsaya min a rai. Daga baya na ji cewa dillalan da suka san aikinsu ba su ma cika yarda su ce miki wannan makaranta ta fi waccan ba, saboda dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968, sai dai su ce je ki duba da kanki. To duk wanda ya cika miki baki da rantsuwa a kan makaranta, ki ƙara sa ido.

Mun nemi a yi mana taransifa, aka ce makarantar ta cika maƙil, kuma ko da akwai gurbi ba za su ba mu bas ba. Wata ta ba ni shawara in yi amfani da adireshin ƙawarta da ke tsallaken titin. Kada ki kuskura ki bi irin wannan. A dokar Texas ba da adireshin ƙarya wajen rajista laifi ne, za a iya cire yaro a tsakiyar shekara kuma a bi ku kuɗin karatun da ya yi, mu kuma da muke fama da takardun zama ba mu da bukatar wani tabo.

Don haka duk gidan da ya kwanta muku, kafin maigida ya sa hannu a komai, ki ɗauki cikakken adireshin ki shiga shafin distirik ɗin kansa, kowannensu yana da wurin da ake buga adireshi ya fito da firamare da midil da hai sukul na gidan. Abin da shafukan tallan gidaje irin su Zillow ko Redfin suka rubuta a ƙasan hoton gida kada ki tsaya a kansa, wani lokaci makarantar da ta fi kusa suke nunawa. Ki kuma kira ofishin makarantar ki karanta musu adireshin, ki tambaya ko ana shirin sake zana iyaka. Yankunan Katy da Fulshear da Richmond gine-gine ake yi ba dare ba rana, da an buɗe sabuwar makaranta sai a yanki wasu layuka a tura su can.

Maganar makin makarantu kuma, waɗannan lambobin 1 zuwa 10 na shafin GreatSchools da kowa ke kallo, ni yanzu ba na ba su nauyi kamar da. Yawanci sakamakon jarrabawa suke bi, sakamakon jarrabawa kuma yana bin aljihun iyayen unguwa. Jihar ma tana ba da nata makin daga A zuwa F a shafin TXschools, shi ma an sha rigima a kansa har kotu, makin 2023 sai a 2025 ya fito. Abin da ya fi amfanar da ni shi ne rahoton da ake kira TAPR, kowace makaranta tana da nata. A ciki za ki ga yawan yara a aji, da shekarun da malamai suka yi suna koyarwa, da yadda yaran da ake koya wa Turanci suke ci a jarrabawar jiha ta STAAR. Makarantar da muka faɗa ciki, makinta ba shi ne ya dame ni ba. Malamar babban ta ajiye aiki kafin hutun Disamba, aka dinga kawo masu riƙon ƙwarya, yau wannan gobe wancan, yaron da yake son lissafi ya koma kullum ciwon ciki da safe. Idan kin ga makaranta cike da sababbin malamai kowace shekara, akwai dalilin da tsofaffin suke gudu. Ki tambayi shekarar shugabar makarantar nawa a kujerar. A dokar jihar ajin kindagatin zuwa aji 4 bai kamata ya wuce yara 22 ba, amma distirik na iya neman a ɗaga masa ƙafa, don haka ki tambayi ainihin adadin da ke ajin da ɗanki zai shiga.

Idan gidan da kuke dubawa a cikin Houston ISD yake, ki sani tun Yuni 2023 gwamnatin jiha ta karɓe ragamarsa, ta naɗa Mike Miles shugaba, ta maye gurbin zaɓaɓɓun wakilai da nata mutanen. Wasu iyayen suna cewa sakamako ya gyaru, wasu suna kukan malamai sun watse kuma an takura yara. Sai kin ji daga bakin iyayen ainihin makarantar.

Kin ce autarku za ta cika 5 a Nuwamba. Wannan zai ba ki haushi, gara ki ji tun yanzu: a New York duk yaron da zai cika 5 kafin ƙarshen Disamba yana shiga kindagatin, a Texas kuwa sai wanda ya cika zuwa 1 ga Satumba. Ke nan sai shekara mai zuwa. Kuma ajin 'yan shekara 4 kyauta da kuka saba da shi ga kowa, nan sai wanda ya cika sharaɗi, kamar ƙarancin kuɗin shiga ko yaron da bai iya Turanci ba tukuna. Ana kuma komawa makaranta tun tsakiyar Agusta, ba Satumba ba, kada ku tsara tasowa da lissafin can.

Wannan maganar Turancin ta tuna min da fom ɗin harshen gida. Za su tambayi yaren da ake yi a gida da wanda yaro yake yi. Da kin rubuta Hausa za a gwada Turancin yaro, idan bai kai makin ba, sai a sa shi cikin masu koyon Turanci, kuma duk bazara sai ya yi wata jarrabawa, TELPAS, har sai ya fita. 'Yata ta tsakiya a nan ƙasar aka haife ta, bakinta ya fi nawa Turanci, amma kunya ta hana ta magana ranar gwajin, shi ke nan aka lissafa ta. Ban ce ki ɓoye yarenki ba, Allah ya kiyaye, gaskiya za ki rubuta. Amma ki zo da takardun makarantarsu ta Bronx, ki tambayi sakamakon gwajin, kuma ki san kina da ikon ƙin amincewa da ajin idan kin ga bai dace ba. Idan kuma akwai mai IEP cikin yaranki, wato takardar tsarin taimako na musamman a karatu, ki riƙo kwafinsa a hannunki, kada ki jira makaranta ta aiko, dole sabuwar makarantar ta ba shi kwatankwacin taimakon da yake samu kafin su zauna taron da nan ake kira ARD. Jihar nan tana da tarihi a wannan fanni, a 2016 aka bankaɗo cewa an daɗe ana matsa wa distirik kada masu samun taimako na musamman su wuce kashi 8.5 cikin 100, har gwamnatin tarayya ta ce an karya doka a 2018. An cire wannan ƙa'idar, amma duk abin da za ki nema ki nema a rubuce.

Sallah ma za ki yi kewar New York, inda tun 2015 aka sa Idi biyu a cikin hutun makaranta. Nan kowane distirik da kalandarsa, sai ki duba. Doka dai ta ba yaro uzurin rashin zuwa ranar ibada, ki rubuta takarda kawai. Amma masu tafiya gida a tsakiyar zango su yi hattara, akwai ƙa'idar sai yaro ya halarci kashi 90 cikin 100 na kwanakin aji kafin a ba shi makinsa. Mun je rasuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, na dawo da zafin rashi na tarar da wasiƙun gargaɗi a akwati.

Ki ce wa maigida kuma, in saye za ku yi ba haya ba, kada murnar babu harajin albashi na jiha ta ɗauke shi. A harajin gida suke fanshewa, kason makaranta na ciki, sababbin unguwanni kuma akwai ƙarin harajin MUD na ruwa da magudana. Ya tambayi ko gidan ya sha ruwa a guguwar Harvey ta 2017, don unguwanni masu makarantun da kowa ke rububi a bayan madatsar Barker sun nutse a lokacin. Ni da za ku ji tawa, ku kama haya tukuna. Kuma ya gwada hanyar zuwa wurin aikinsa da ƙarfe 7 na safe a kan babbar hanyar I-10 ko 59 kafin ya ce unguwa ta yi, don makaranta mai kyau da uban da yara ba sa gani sai Asabar ita ma wata damuwar ce.

Mu da hayarmu ta ƙare mun koma wata unguwa, makarantar ba ta cikin waɗanda ake yayi, amma na shiga na gani da idona kafin mu sa hannu, na tsaya bakin ƙofa lokacin tashi na yi hira da iyaye, na ga masu ɗankwali irina, shugabar ta daɗe a wurin kuma ta san yara da sunansu. Alhamdulillahi yaran sun natsu. Ba ki faɗi ajin da babbanku yake ba, in ya kusa hai sukul akwai maganar kashi 10 na saman aji da ke samun gurbin yawancin jami'o'in gwamnatin jihar kai tsaye, ita ma tana shiga lissafin unguwa. Ki turo min ajinsa da ɓangaren garin da ofishin maigida yake ta akwatin sirri, in kuma kun riga kun ga wasu gidaje ki haɗo da adireshin mu duba tare. Allah ya sa ku taso a sa'a, ya raya mana zuri'a.