Amsar tambayarka kan duwatsun nan na kabarin Yahudawa

Salam Abdul, ya karatu ya sanyi. Na ga saƙonka tun shekaran jiya, ƙafar nan ce ta hana ni zama in rubuta maka da kyau. Kace kai da 'yan ajinku kun je Babin Yar, inda aka yi wa Yahudawa kisan kiyashi a Kiyef ta ƙasar Yukiren, kafin yaƙi ya kore ku daga birnin, ka ga mutane na ɗora ƙananan duwatsu a gindin abin tunawa maimakon fure, har yau abin na ranka, kuma kana mamakin me yasa ba a tone ramin an binne kowa a kabarinsa ba. Toh bari in faɗa maka abin da na sani, dan ni ma na taka wurin nan lokacin ina ɗalibi zamanin Sobiyet.

Wurin da ka tsaya ɗin nan kwari ne, a ranakun 29 da 30 ga Satumban 1941 Jamusawa suka tara Yahudawan birnin akan wai za a kwashe su zuwa wani wuri, suka zo da kayansu da 'ya'yansu, aka tuɓe su aka harbe su a bakin kwarin, mutum 33,771 cikin kwana biyu, lissafin masu kisan ne da kansu suka rubuta, kuma ana jajibirin Yom Kippur babbar ranar azuminsu. Da Jamusawa suka ga yaƙi ya juya musu a 1943 sai suka sa fursunoni suka tono gawarwakin suka ƙona dan su ɓatar da shaida. Kaga tun daga nan ma babu wani kowa da kabarinsa, toka ce da ƙashi sun gauraya da ƙasa.

Amma ko a inda Jamusawa ba su tono sun ƙona ba, addinin Yahudawa ne ya hana a tone. Su ma kamar mu suke a nan, wanka ake yi wa mamaci a sa masa farin likkafani mara ado a binne da wuri, in an binne kuwa shikenan, ba a damun kabari. A Jedwabne ta ƙasar Folan, inda maƙwabta 'yan garin suka ƙona Yahudawa cikin wani rumbu a Yulin 1941, hukuma ta fara tono a 2001 dan bincike, malaman Yahudawa suka nuna rashin yarda, aikin bai yi nisa ba aka rufe. Shi yasa abin da ake yi shine a gano iyakar ramin a kewaye shi a kafa dutse, kar a yi noma ko gini a kai. Akwai wani limamin coci ɗan Faransa, Patrick Desbois, Kirista ne fa, shekara da shekaru yana bin ƙauyukan Yukiren yana tambayar tsofaffin da suka gani da idonsu suna yara, su nuna masa inda ramin yake, wasu a tsakiyar gona.

Maganar dutse kuma, malaman Yahudawa na kawo dalilai daban daban, wasu su ce a da can da tarin duwatsu ake alamta kabari, wasu su ce fure kwana biyu ya bushe dutse kuwa yana nan. Ni dai yadda na fahimta, kamar sa hannu ne, wanda ya zo bayanka ya san an zo an tuna da mutanen nan. Sannan su kunna kyandir mai cin yini da dare guda, su karanta addu'ar da suke kira Kadish, wadda a wurin masu riƙo sai maza goma sun taru, kuma abin da ya ban mamaki babu ambaton mutuwa a cikinta, yabon Ubangiji ne kawai. Ka tuna akwai gidajen da aka shafe gaba ɗaya, ba ɗa ba jika da zai karanta musu, dan haka ne suke karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya. A Rumbula kusa da birnin Riga na ƙasar Latbiya, inda aka kashe kusan 25,000, sunaye aka sassaƙa a jikin duwatsu.

Lokacin da na je, gunkin tagulla na 1976 ne kaɗai a wurin, rubutun jikinsa 'yan ƙasar Sobiyet ya ce, kalmar Bayahude babu ita sam, gwamnati ba ta so a ware su. Fitilar nan mai rassa bakwai da ka ɗauki hoto, menora, sai 1991 aka kafa ta, na riga na dawo gida.

Na san za ka ce to Falasɗinu fa, dan na ga abin da kake sawa a Facebook, ni ma abin na ci min rai wallahi. Amma mutanen kwarin nan an harbe su shekara bakwai kafin a kafa Isra'ila, akwai tsofaffi da jarirai a cikinsu. In ka sake samun kanka a irin wurin, ba sai ka ɗora dutse ba tunda ba al'adarka ba ce, ka dai rage murya, kar ka taka kan tudun, ka bar ɗaukar hoton kanka kana dariya. Ka gaida mamanka, kace mata maganin ya iso.