Amsa: Shin labarin Mughal-e-Azam tarihi ne na gaskiya?

Ka tambaya ko soyayyar Yarima Salim da Anarkali, mai rawa a fada, a fim ɗin Indiya na Mughal-e-Azam na 1960 ta faru da gaske. Sarki Akbar, wanda ya mulki daular Mughal daga 1556 zuwa 1605, da ɗansa Salim, wanda ya gaje shi da sunan Jahangir, mutane ne na tarihi, amma Anarkali ba ta bayyana a tarihin fada da Abul Fazl ya rubuta ba, haka kuma Jahangir bai ambace ta a littafin rayuwarsa ba. Labarinta ya fi kama da almara, duk da cewa akwai kabari a Lahore da ake kira da sunanta.

Tawayen da fim ɗin ya nuna Salim ya yi wa mahaifinsa kam ya auku, domin ya kafa fadarsa a Allahabad, sai dai gaggawar hawa karaga ce ta jawo shi, ba mace ba. Da na koma karanta tarihin bayan na kalli fim ɗin da aka sanya wa launi a 2004, a nan na ga bambanci mafi girma. Ka kalle shi domin wasan Dilip Kumar da Madhubala, amma kada ka kafa hujja da shi.