Sarkinmu na Katsina ne, kuɗinmu kuma da dala muke ƙirga su

Ɗan'uwa, ka tambaya wace al'ada ce a garin da mutum ya tashi take ba baƙo mamaki. Ni a Maradi na girma, kuma abin da ya fi rikita baƙonmu shi ne ƙirgar kuɗi. Mu da dala muke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai ƙosai ta ce maka "na ashirin", sefa 100 take nufi. Takardar 500 ita ce ɗari, ta 1000 kuma jika. Sai ka ga ɗan Kano ya tsaya a Babbar Kasuwa yana juya takarda a hannu, lambar da ke rubuce daban, abin da ake faɗa masa daban, alhali yarinya mai talla ta gama lissafin tun kafin ya buɗe baki.

Sannan sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa, ko da yake birnin Katsina yana Najeriya. Bayan jihadin 1804 ne zuriyar sarakunan Katsina suka yo arewa suka zauna a nan tare da sarautunsu, su Kaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka. Har da Iya, macen gidan sarauta da ke shugabantar mata, kuma bori ma a hannunta yake tun da can. A Tibiri ta Gobirawa, nan kusa da mu, Inna suke da ita. Yana damuna ƙwarai yadda yaran yanzu ke kallon hawan sallah ba su san ko wane ne Kaura a cikin mahayan ba.