Matse bugun maikirowef, da wanda ya cinye mini kuɗi

Wai tambayarka ita ce: yaya kilaistiron, bututun da ke samar da bugun maikirowef mai ƙarfi, zai ba da megawat 50 amma abin da ke fita daga na'urar matse bugun ya ninka haka, ko ƙirƙiro makamashi muke yi? Kai yaro, ba a ƙara komai, wani ma ɓacewa yake yi ya zama zafi. Lokaci ake matsewa. Kamar madatsar ruwa ne, ka tara a hankali, ka saki gaba ɗaya.

Dabarar ta fito daga SLAC, cibiyar binciken kimiyya mai na'urar hanzarta lantarki, a Kalifoniya a 1974, ana kiranta SLED. Koguna biyu na jan ƙarfe, wato tukwane masu kogo a ciki, suna shan bugun na tsawon maikirosakan kaɗan. Dab da ƙarshe sai a juya fuskar igiyar da digiri 180, abin da kogunan ke amayarwa ya haɗu da mai shigowa maimakon su kashe juna. A takarda ƙololuwar ƙarfin na iya kaiwa ninki 9, a aikace ba ka zuwa can, kuma bugun yana sauka da sauri. Shi ya sa daga baya aka yi SLED-II mai dogayen bututu don ya fito a shimfiɗe. Ɗaure bututu da zuƙe iska kuwa, in sai na koya maka, ka nemi wata sana'a.

Tambayar nan ta tuna mini da wani da na haɗa wa irin wannan. Na rubuta masa baƙi da fari cewa sabon jan ƙarfe horar da shi ake yi: gajeren bugu, ƙaramin ƙarfi, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, in tartsatsi ya tashi a ja baya. Shi kuwa manyan baƙi zai yi, yana son burga. Ya sa wani yaronsa, irinku masu ganin komai danna maɓalli ne, ya cire tsaron da ke yanke wuta in ƙarfi ya dawo baya, suka ƙure. Tagar tangaran da ke barin igiya ta wuce tana tare iska ta tsage, iska ta kwararo. Da na buɗe kogon, cikin da na bari yana sheƙi ya koma zane-zanen ƙuna, bakin ramin shiga duk ƙananan gurabu. Mutumin nan ya kalli tsabar idona ya ce haɗina ne bai yi kyau ba. Na nuna masa bayanan kwamfutarsa, ga sa'ar da aka cire tsaron, ya ce shi bai san zancen ba. Cikon kuɗina har yau. Allah ya isa.

Ruwan sanyaya kogunan ma kada ka raina shi. A megahaz 2856, digiri ɗaya na zafi yana kauda mitar kogon da kusan kilohaz 48, don jan ƙarfe buɗewa yake yi. Ka ajiye wayar nan ka je ka duba mini ma'aunin.