Zauren Rage Ƙiba a Waya: Likita Ya Amsa Tambayoyin Masu Karatu a Sakkwato

Yawancin saƙonnin da suka shigo wannan karon a kan abu ɗaya suke: zaurukan WhatsApp da Telegram da masu son rage ƙiba ke buɗewa don taimakon juna. An zaɓi shida daga ciki, an cire sunayen masu su.

Wata matar aure daga Mabera, mai shekara 38: Likita, ƙawata ta saka ni a zauren mata masu son rage ƙiba. Maigida ya ce ɓata data ne kawai, wai mai son rage ci ba sai da taro ba. Nauyina kilo 92, tsawona mita 1.62. Akwai abin da zaure zai yi mini wanda ba zan iya ni kaɗai ba?

Hajiya, mu fara da lissafin da ke nuna ko nauyinki ya dace da tsawonki. Ana raba nauyi da tsawo, a sake raba abin da ya fito da tsawon. Naki ya ba da 35. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce da ke jawo hawan jini, ciwon suga da ciwon gwiwa. Kada wannan ya karya miki gwiwa, domin abin da ake nema gare ki da farko kilo 5 zuwa 9 ne cikin wata shida, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki. Wannan kaɗai yana sauko da hawan jini da sugan jini yadda za a gani a gwaji.

Maigida yana da gaskiya ta fuska ɗaya: zaure ba ya narkar da kitse. Amma sanin abin da ya kamata a yi bai taɓa zama matsalar ba. Kowa ya san lemun kwalba da soye-soye na sa ƙiba. Inda ake faɗuwa shi ne mako na biyar ko na shida, lokacin da ɗokin farko ya wuce, sikeli ya ƙi motsi, ga bikin 'yar ƙanwa ya taso da kwana uku na alkaki da dubulan. Mai yi ita kaɗai a nan take cewa shi ke nan, ta ɓata, sai bayan Sallah. Wadda ke cikin zaure kuwa ranar awo na jiranta, kuma akwai wadda za ta kira ta in an ji ta shiru. Kamar adashi ne: kuɗin da ba za ki iya tarawa a ƙarƙashin katifa ba, kina tara shi don kin san ranar zubi ana jiranki.

Bibiya tana da tasiri ƙwarai. A wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, an ɗauki mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Wani rukuni aka sa musu burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako, aka haɗa kowa da mai bibiyarsa, da darasi 16 a wata shidan farko. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a cikinsu, yayin da a rukunin da aka ba metformin, wani maganin ciwon suga, ta ragu da kashi 31.

Akwai kuma abin da matanmu ke samu a zaure wanda takardar asibiti ba ta bayarwa. Matar da ba ta fita sosai tana samun abokan hira a kan lamarin ba tare da ta bar gida ba. Wadda ta gaji da gorin "wannan jiki sai ka ce na Hajiyar Makka" tana samun inda za ta faɗi nauyinta ba wanda ya yi dariya. Sannan dabarun da ake musaya na tukunyarmu ne: yadda za a yi miyar kuka da cokali ɗaya na mai ta yi daɗi, yadda za a ɗebi naki kafin a kwarara man shanu a na yara.

Zaure mai amfani ana gane shi. Mutanensa ba su da yawan da ba za a san juna ba (goma zuwa ashirin ya isa), yana da ranar awo guda a mako, ba a tallar magani a ciki, ba a tilasta wa kowa turo hoton jikinta. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau: hoton da ya shiga wayar mutum ashirin ya fita daga hannunki. Lamba ta wadatar.

Wata ɗaliba daga Arkilla: A zaurenmu wasu sun rage kilo 4 a makon farko, ni kuwa mako biyu kilo ɗaya kacal. Har kunyar turo nawa nake ji. Me nake yi ba daidai ba?

'Yata, ke ce kike kan hanya. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700. Wanda ya rage kalori 500 a kullum zai sauke kusan rabin kilo a mako, kuma rabin kilo zuwa kilo ɗaya shi ne saurin da likitoci ke so. Kilo 4 a mako guda yawancinsa ruwa ne. Idan mutum ya yanke tuwo da shinkafa gaba ɗaya, jiki yana cinye sugan da ya adana a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Ranar da suka koma cin tuwo, ruwan ya dawo.

Ki gyara yadda kike awo. Sikeli ɗaya, a kan siminti ko tayil ba a kan darduma ba, da safe bayan kin zaga kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi. Kwanakin da ke gaban al'ada nauyi na iya hawa da kilo ɗaya ko fiye saboda ruwa, kada ya dame ki. Ki haɗa da tef ɗin tela: a auna tsakanin ƙasan haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi. Ga mace, sama da santimita 80 haɗari ya fara, sama da 88 ya yi yawa. Ga namiji 94 da 102 ne.

Kalori 500 ɗin nan ba sai da yunwa ake samunsu ba. Robar lemo mai santilita 50 tana da suga sama da giram 50, fiye da cokalin shayi 12, kalori sama da 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da babba ke ƙarawa a rana ya wuce kimanin giram 50, ta fi so ma a tsaya a 25. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Ki bar lemo ɗaya, ki rage cokali biyu na mai, kin kusa cika lissafin. Fura da nono ba laifi ba ce, sugan da ake zuba mata da girman kwanon su ne matsalar. Haka zoɓo da kunun zaƙi. A faranti kuma, rabi ya zama ganye (zogale, rama, kabeji, alayyahu), tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunki, sauran wake, kifi, ƙwai ko nama marar kitse. Ki nemi a sauya abin da ake yaba wa mutum a zaurenku: a riƙa ƙirga kwanakin da aka yi tafiya da kwanakin da ba a sha lemo ba, maimakon wa ta fi kowa sauke kilo.

Wata ma'aikaciya daga Gawon Nama: Mai kula da zaurenmu tana sayar da wani shayin rage tumbi da wasu ƙananan ƙwayoyi farare. Na sha kwana huɗu, ina ta zawo da fitsari, ga jiri, amma na ragu da kilo 2. In ci gaba?

A'a, ki daina yau. Yawancin irin wannan shayi akwai filasko a ciki, mai sa zawo. Abincin da kika ci ya riga ya shiga jini tun a ƙaramin hanji kafin filasko ya fara aikinsa a babban hanji, saboda haka abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki. Ƙwayar da ke sa yawan fitsari kuwa sau da yawa furosemide ce, wadda aka fi sani da Lasix, maganin masu ciwon zuciya da kumburi. Su biyun suna kwashe sinadarin fotasiyam, kuma idan ya yi ƙasa, tsoka na ɗaurewa, bugun zuciya na rikicewa. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, wannan rashin ruwa kan taɓa ƙoda. An kuma sha gano sibutramine, wani maganin rage ƙiba, a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ki sha ruwan gishiri da suga na ORS, fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Idan jirin bai tafi ba, ko fitsari ya ragu sosai, ko zuciya na dukan uku-uku, ki tafi asibiti da kwalin maganin a hannu, a gwada miki ƙoda da gishirin jini. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC kada ya shiga bakinki, kuma zauren da shugabarsa ke cin riba daga nauyinki, shawararta ba za ta taɓa zama don ke kaɗai ba. Ki nemi wani.

Wani ɗan kasuwa daga Ƙofar Rini, mai shekara 54: Likita, ina da ciwon suga, ina shan metformin da glibenclamide. Zaurenmu na maza ne, muna tafiya bayan sallar Asuba wajen filin Giginya. Yanzu an ce kowa ya bar ci na awa 16 a kullum. Jiya a shago na ji rawar jiki da gumi mai sanyi.

Alhaji, tafiyar nan ku riƙe ta da hannu biyu. Minti 30 a kwana biyar ya cika minti 150 ɗin da ake so a mako, kuma bayan Asuba shi ne lokacin da ya dace da garinmu. Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya magana da na kusa da kai amma numfashi ya ɗan ƙaru. Da wuya mutum ya tashi shi kaɗai a sanyin hunturu, amma in ya san mutum biyar na tsaye suna jiransa, zai fito.

Abin da ya same ka a shago faɗuwar suga ce. Glibenclamide yana matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauko da sugan jini, ko ka ci ko ba ka ci ba. Ka sha shi, ka yi tafiya, ka hana cikinka abinci, dole suga ya faɗi. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake yin haka ba. Idan na'urarka ta awon suga ta nuna ƙasa da 70 (ko 3.9 a ɗaya ma'aunin), ko ka ji rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, duhun gani, ka jiƙa cokalin shayi 3 zuwa 4 na suga a ruwa ka shanye, ka sake gwaji bayan minti 15, sannan ka ci abinci. Yaran shago su san wannan, su kuma san cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi. Faɗuwar sugan da glibenclamide ya jawo takan dawo bayan awoyi, don maganin na daɗewa a jiki.

Ka dakatar da tsarin awa 16 ɗin har ka ga likitan da ke duba ka, ko a Asibitin Ƙwararru ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ka je da sakamakon gwajinka na mako guda, na safe da na awa biyu bayan cin abinci. Yayin da nauyi ke sauka sau da yawa ana rage magani ko a sauya shi, kuma wannan aikin likita ne. Haka za ka yi in kana son azumin Litinin da Alhamis. Ka kuma duba tafin ƙafarka bayan kowace tafiya, ka sa takalmi rufaffe da safa.

Wata mai jego daga Wamakko: Mako uku da haihuwata, jikina ya ƙaru, ƙafafuna sun kumbura. In shiga zaure in fara rage ci?

Ƙanwata, ba yanzu ba. Ki bari a yi arba'in, a duba ki, sannan ki fara a hankali, kada ya wuce rabin kilo a mako, domin mai shayarwa na buƙatar ƙarin abinci. Kumburin ƙafar ne ya fi damuna. Ki danna yatsa a ƙaurinki na ɗan lokaci. In ya bar rami, ruwa ne ba kitse ba. In akwai haki, ko tari da dare, ko ba ki iya kwanciya sai da filo da yawa, yau ɗin nan za ki asibiti. Raunin zuciya bayan haihuwa ciwo ne da likitoci a Arewa suka daɗe da sani, kuma kunun kanwa, saboda gishirin da ke cikin kanwar, yana ƙara tara ruwa a jiki. Ki ajiye shi har a gwada miki hawan jini da zuciya.

Wani malamin makaranta daga Runjin Sambo: Wasu a zaurenmu suna haɗa kuɗi a sayo allurar Ozempic a raba. Tana aiki?

Malam, sinadarinta, semaglutide, yana aiki: yana rage jin yunwa, yana jinkirta fitar abinci daga ciki. A wani bincike da aka buga a 2021, masu ƙiba sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68, amma da aka daina, kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya sauka ya dawo cikin shekara guda. Ana yin ta sau ɗaya a mako, a fara da miligiram 0.25 na mako huɗu kafin a ƙara; wanda ya yi tsalle zuwa sama yakan sha amai da zawo. Mai ciki ba ta yi, mai neman ciki kuma ta daina wata biyu kafin nan. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya alama ce ta a tsaya a ga likita nan take.

Batun rabawa kuwa, kada ku yi. Alƙalamin allura ɗaya na mutum ɗaya ne ko da an sauya tsinin, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da jini ke ɗauka. Kafin a buɗe shi yana buƙatar sanyin firji na digiri 2 zuwa 8, abin da ba a da tabbacinsa ga kayan da suka biyo mota a zafin nan. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun wannan allura da aka kama a Burazil, Birtaniya da Amurka. Mai buƙatarta ya je likita ya auna shi, ya rubuta masa, ya saya a kantin magani mai rajista. Kuɗin da kuka fara tarawa, ku sayi sikeli mai kyau da na'urar awon hawan jini ta damtse, ku riƙa awo tare kowace Asabar.