Yaya, wutar da ka gani a hoto ba bauta ba ce

Yaya, barka da war haka. Ka tambaya wace irin wuta ce Turawan Ingila ke taruwa a kanta a farkon Nuwamba, har ka ga yaranmu tsaye a gefenta, ko dai majusanci muka fara. Kwantar da hankalinka.

Sunanta bonfire, mu nan bonfaya muke cewa. Wuta ce babba da aka hura da gangan a fili. In gida ya kama ko kasuwa, wannan gobara ce, ba mai kiranta da wannan suna. Ko maƙwabci ya tara busassun ganye a bayan gida ya ƙyasta musu ashana, bonfaya ya yi, kuma in hayaƙin ya dame ka kana iya kai ƙara ƙaramar hukuma. Asalin sunan daga ƙashi da wuta ne, don a da ƙasusuwa ake ƙonawa.

Ta 5 ga Nuwamba kuwa tarihi gare ta. A 1605 wasu 'yan Katolika ƙarƙashin Robert Catesby suka shirya tarwatsa majalisa da Sarki James na ɗaya a ciki, saboda matsin da ake wa ɗarikarsu. Suka jibge ganga 36 ta albarushi a ɗakin da ke ƙasan ginin, suka bar Guy Fawkes yana gadi. Asiri ya tonu, aka kama shi cikin dare. Mutanen Landan suka hura wuta don murnar sarki ya tsira, majalisa ta mai da ranar ta godiya bisa doka, ba a soke dokar ba sai 1859. Ka ga rigimar sarauta ce da ɗarika. Har yau a garin Lewes suna ƙona mutum-mutumin Fawkes da na Fafaroman wancan zamani, su haɗa da ɗan siyasar da ya ba su haushi a shekarar. Wannan kam ban kai yara ba, kuma ba zan kai ba.

Mu Hausawan nan ba bakinmu ɗaya ba. Akwai gidajen da ba sa leƙawa sam, sun ce shagalin wasu ne, kuma ba mai ganin laifinsu. Da yawanmu dai muna zuwa filin unguwa, inda aka kewaye wutar da shinge, ga 'yan kwana-kwana a tsaye. Rana na faɗuwa tun wajen huɗu da rabi, saboda haka sai an yi magariba da isha a gida, a zuba shayi mai citta a filas, a naɗe yara da hula da safar hannu. Su abin da ya kai su wasan wuta ne da tuffa mai narkakken sukari da ke manne musu a haƙori. Tambayi Baturen da ke kusa da kai waye Catesby, da wuya ya sani. Kafin a cinna wutar ma sai an bincika tulin itacen, wai kada bushiya ta shiga ciki barci. Ranar da na fara ganin haka dariya ta kusa kashe ni.

Abin da muka fi ɗauka da muhimmanci shi ne baƙi. Tun tsakiyar Oktoba shaguna ke fara sayar da kayan wasan wuta masu fashewa da ƙara, kuma a daren kansa doka ta yarda a harba har sha biyu, maimakon sha ɗaya na yawancin ranaku. Wanda ya taso daga inda ya sha jin harbi, ƙarar nan ba wasa ba ce a kunnensa. Wata ɗaliba da ta zo daga Maiduguri a ƙarƙashin gado ta kwana, ba wanda ya gaya mata. Shi ya sa yanzu duk wanda ya sauka a watan Satumba, mukan kira shi tun da wuri mu yi masa bayani, in shi kaɗai ne a ɗaki kuma wani gida ya ɗauko shi ya kwana a can.

In ɗan wajenka ya samu bizar karatun nan, ka turo mini lambarsa kafin ya taso. A gaida su Hajiya.