Tambaya da Amsa: In Tallata wa Abokan Aikina Wannan Man Zafin?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ne mai kula da raunin 'yan wasa a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa. Wani wakilin kamfani ya kawo mini man shafawa, ya ce idan ɗan wasa ya yi targaɗe aka mulke masa shi aka ɗaure, cikin minti goma zai koma fili. Na gwada wa yara biyu, duk sun koma wasa, amma ɗaya ya wayi gari ƙafarsa ta kumbura suntum, ba ya iya takawa. Yanzu wakilin yana so in tallata wa abokan aikina ya riƙa ba ni kamasho, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?

Amsa: Malam, rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan hanya, kuma yaron da ƙafarsa ta kumbura shi ne abin fara dubawa kafin maganar kamasho. Idan har ba ya iya yin taku huɗu a kanta, ko kuma yana jin zafi idan ka danna ƙashin idon sawun ta baya, ka kai shi a yi masa hoton ƙashi yau, domin ba kowane abin da ake kira targaɗe ba ne targaɗe.

Man shafawa magani ne na gaskiya, ban ce a watsar da shi ba. Amma iri biyu ne, kuma masu talla da gangan suke cakuɗa su. Akwai mai rage kumburi, irin mai ɗauke da diklofenak ko ibuprofen, wanda yake ratsa fata ya yi aiki a wurin raunin. Abin da ke shiga jini daga man diklofenak kusan kashi 6 cikin 100 ne na abin da ƙwayarsa take shigarwa, shi ya sa ya fi ƙwaya sauƙi ga ciki da ƙoda. A 2020 manyan ƙungiyoyin likitoci biyu na Amurka sun sanya irin wannan man a sahun farko wajen jinyar sabon raunin tsoka da gaɓa, ban da ciwon ƙugu. Sai kuma man zafi, mai mentol ko kafur ko metil salisilet, wanda aikinsa shi ne ya tsokani jijiyoyin fata da sanyi ko raɗaɗi har hankalin mutum ya bar kan ciwon. Juya robar da aka ba ka, ka karanta abin da ke ciki. Idan ba a rubuta ba, magana ta ƙare a nan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda nake cin karo da shi kusan kullum, shi ne imanin da masu kula da 'yan wasa suka yi cewa raɗaɗin man shi ne alamar magani yana aiki, kuma da zarar zafin ciwo ya lafa to rauni ya warke. Jijiyar da ta riƙe idon sawu idan ta yage, makonni take ɗauka kafin ta haɗe, kuma babu man da aka taɓa yi a duniya da zai mayar da makonnin nan minti goma. Zafin da yaron yake ji shi ne yake hana shi ɗora nauyinsa a kan jijiyar da ta yage. Ka rufe masa bakin zafin, ka tura shi ya yi gudu da juyi na rabin sa'a, sai ƙaramar yagewa ta zama babba, jinyar mako biyu ta koma ta wata biyu. Haka abin yake ga tsokar bayan cinya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen sake yagewa idan aka yi gaggawar komawa fili. Wani abin takaici shi ne man diklofenak, wanda ya fi hujjar bincike, ba ya raɗaɗi a fata, don haka sai a ce ba shi da ƙarfi, a ajiye shi a ɗauki wanda ke sa yaro tsalle.

Wannan imanin ne kuma yake sa a lafta man da yawa, a naɗe da bandeji tamau, wani ma ya ɗora ruwan zafi a kai wai don maganin ya shiga. An taɓa kawo mini wani mai tsaron baya da aka yi wa haka a gwiwa. Da muka kwance bandejin, fatar ta yi bororo, shatin naɗin ya fito a jikinta layi-layi, muka bar maganar gwiwa muka koma jinyar ƙuna. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kan irin wannan ƙunar, musamman daga man da mentol ɗinsa ya wuce kashi 3 cikin 100 kuma metil salisilet ya wuce kashi 10. Shi metil salisilet dangin asfirin ne, kuma zafi da motsa jiki suna ƙara shigarsa jini. A 2007 wata 'yar tsere mai shekara 17 ta rasu a birnin New York, binciken gawarta kuma ya ɗora alhakin a kan yawan wannan sinadarin da ta riƙa shafawa. Wanda ya ce maka abin da aka shafa a fata ba ya kisa, bai san aikinsa ba.

Inda man yake da amfani shi ne bayan ka duba raunin ka tabbatar babu karaya, ɗan wasa ya fita daga fili, an sa ƙanƙara an ɗaga ƙafa. A shafa gwargwadon da takardar ta faɗa, a kan lafiyayyar fata, ban da inda aka goge a ƙasa ya kuje. Ka tambayi kowane yaro ko asfirin yana tayar masa da asma, ka kuma duba shekarun da aka iyakance tunda da matasa kake aiki. Idan mai ketoprofen ne, wani maganin rage kumburi, a kare wurin daga rana har mako biyu bayan an daina. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ba ta haramta diklofenak ko mentol ba, amma man da ba a bayyana sinadaransa ba babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa.

Batun talla kuwa, ka nemi wakilin ya nuna maka lambar rajistar hukumar magunguna da cikakken jerin sinadarai, sannan ya rubuta maka alkawarin nan na minti goma a takarda ya sa hannu. Ina kyautata zaton ba zai rubuta ba. Abokan aikinka za su saya ne don sun yarda da kai, ba don sun san shi ba, kuma idan ɗan wasan wani ya lalace ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Ko da man ya ci jarrabawar, ka gaya musu ƙarara cewa ana biyan ka a kansa, kuma kada kalmar komawa fili ta fito daga bakinka.